Ruwan Jego na Malam Othniel

Jawabin Hajiya Ammatullahi Habib, uwar ƙungiyar mata masu banda, a taron tunawa da marigayi Malam Othniel Ishmael da aka yi a Gwange, Maiduguri.

Da sunan Allah nake buɗe baki, Mai rayawa Mai kashewa, wanda tudu da ruwa da abin da ke cikinsu duka nasa ne.

Mai girma wakilin Hakimi, Allah Ya ƙara girma. Lawan na wannan unguwa da Bulamominsa, Allah Ya ja da ranku. Rabaran da dattawan cocin marigayi, Limamin masallacin kasuwarmu, shugaban 'yan kasuwar kifi da muƙarrabansa, tsofaffin abokan aikin marigayi, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Sarkin Ruwan Kwatan Tsamiya, Malam Garzali, da masuntan da suka biyo ka tun daga bakin Tafkin Chadi, sannunku da hanya. Sai masu rashi: 'yar'uwata Malama Phoebe, da 'ya'yanmu Dorothy da Alfred, da dangin da suka taso daga ƙasar Biu, sannunku da haƙuri. Sauran jama'a maza da mata, wushe, mun gode da kuka zo.

Da aka zo zaɓen wanda zai yi magana a madadinmu, mu mutanen kifi, sai aka ce a ba Ammatullahi, don duk kasuwar Baga Road babu wanda ya kai ta yawan gardama da marigayi. Ban musa ba. Tun ina budurwa nake gardama da mutumin nan har na yi jikoki, kuma ban taɓa tashi daga gabansa ina jin ya raina ni ba. Yau ga ni tsaye ina magana a kansa, babu mai katse ni ya ce, "Hajiya, tsaya tukuna." Wannan shirun ya fi komai yi mini ciwo.

Zan faɗi ko wane ne Malam Othniel a wurinmu. Sannan zan faɗi abin da ya bari a hannunmu, wani ɗan yanki na ruwa da ya sa muka hana kanmu kamun kifi a cikinsa, wanda yanzu haka da nake maganar nan yake neman suɓuce mana. In maganar ta yi ɗaci a gaba, ku yi haƙuri da ni.

Ga waɗanda ba su san shi ba sai a coci ko a layin gidansu, Malam Othniel ma'aikacin gwamnati ne a sashen kula da kamun kifi, a nan ya yi aiki har ya yi ritaya. Ɗan tudu ne, haifaffen ƙasar duwatsu, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai iya iyo ba. Ranar da aka fara turo shi Baga ina bakin banda ina taya uwata juya kifi a kan wuta, sai muka ga wani dogon mutum siriri ya sauko daga mota sanye da rigar hana nutsewa mai ruwan lemo, tun bai ma hango ruwan ba. Da ita ya zaga kasuwa, da ita ya ci abinci. Kafin la'asar masunta sun raɗa masa suna Sarkin Ruwan Tudu. Da wani ma'aikacin ne, da ya ji haushi. Shi kuwa ya karɓi sarautarsa da hannu biyu, har ya riƙa gabatar da kansa da ita in ya je taro.

Ya kasance mutum mai tambaya. Zai tsuguna gaban kwando ya ɗaga kifi ya ce, wannan ya sunansa da Hausa, ya sunansa da Barbarci, wane wata yake ƙwai, a ina yake kwana. In ka ba shi amsa ya sake jefo wata. Uwata takan ce in ta hango shi gara ta ɗora ruwan shayi, don yau babu aiki.

Ya kasance mai hukunci wanda ba ya son hukunta kowa. Doka ta ba shi ikon ƙwace taru mai ƙananan ido, irin wanda ke kwashe kifi har da jariransa. Shi kuma sai ya zura yatsunsa cikin idon tarun, in ba su shige ba ya nemi wuri ya zauna kusa da mai shi ya fara bayani. Ya yi bayani mai taru ya ce ya ji, ya ci gaba. Gobe ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Akwai masuncin da ya taɓa ce masa, don girman Allah ya ƙona tarun kowa ya huta. Bai ƙona ba. Mutumin ne da kansa ya gaji ya canza taru.

Ya kasance ɗan'uwa a ranar da 'yan'uwantaka ta yi tsada. Lokacin da rikici ya kore mu daga bakin tafki muka shigo Maiduguri, wasunmu ko takalmi babu, ya riga ya yi ritaya, babu abin da ya wajabta masa mu. Amma shi ya riƙa bi sansani sansani yana kiran sunayen masuntan da ya sani. Gidansa na nan Gwange, wanda da yawanku kun san ƙanƙantarsa, ya cika da iyalan masunta har tsakar gida. Malama Phoebe ta kwashe kujerun falonta ta shimfiɗa tabarmi, ta sayo butoci, ta tambaye mu ina ne gabas. Ni da 'ya'yana mun kwana a falon nan. Ba a taɓa nuna mana cewa mun daɗe ba, alhali mun daɗe.

Yanzu bari in zo ga ruwan.

Manyan da ke nan sun san yadda tafkin nan yake a da. Ina yarinya giwan ruwa ɗaya sai ƙarti biyu sun rataya shi a sanda. Tarwaɗa in aka naɗe ta za a banda sai an danna da gwiwa. Mu ne muka ga abin yana raguwa a hannunmu, shekara bayan shekara. Mutane suka ƙaru, taruna suka ƙaru, idonsu yana ta ƙanƙancewa. Aka datse hanyoyin ruwa da jerin gura, wato tarkon kifi, babu ta inda kifi zai wuce ya je ya yi ƙwai. Da idona na ga ana kamun kifi da gidan sauro. Abin da ake kawo mana mu banda ya koma kamar yatsun hannu, wani ma in ka ɗora shi a kan waya sai ya zurare cikin wuta. Muka ce ruwa ne ya ja baya, muka ce zamani ne. Malam Othniel ya ce ruwa ya ja baya, gaskiya ne, amma mu ma ba mu bar wa kifi ko ɗaki ɗaya da zai rufe ƙofa ba.

Tun yana aiki an taɓa tura shi kwas can bakin teku. Ya dawo da labarin da ya hana mu sakat. Wai a can akwai inda masunta ke keɓe wani yanki na teku, a sa masa alama, babu jirgin da zai jefa taru a ciki. Kifi ya yi ƙwai a nan, ya girma a nan, in wurin ya cika ya malalo waje da kansa, masu kamu a gefe su samu. Muka yi masa dariya. Na ce masa, Malam, mai teku shi ke da ruwan da zai yi kyauta da shi, mu ɗan namu duk shekara guduwa yake yi. Ya ce ai shi ya sa mu muka fi su bukata. Haka ya yi ta faɗa har ya yi furfura, babu wanda ya ɗauka.

Abin da ya sa aka saurare shi, ba abin daɗi ba ne. Shekarun da muka yi a gudun hijira, ruwa ya huta da mu. Da hanya ta ɗan buɗe, mutanen Kwatan Tsamiya suka koma garinsu, sai suka tarar da kifi irin wanda suka manta da shi. Aka yi murna, aka faɗa masa ba ji ba gani. Kafin a ankara an cinye shi tas, an koma kan 'yan yatsu. A nan ne tsohon nan ya hau motar kifi, a wannan hanyar da kowa ya san halinta, ya je ya sa Sarkin Ruwa ya tara masa jama'a. Ina wurin, na je sayen kaya.

Ya ce musu, "Kun gani da idonku abin da hutu ya yi wa ruwa. Bindiga ce ta tilasta muku wancan hutun, kun biya shi da 'yan'uwanku. Me zai hana ku ba shi hutun da kanku, da hankalinku, a ɗan lungu ɗaya?"

Ni dai ban bari ba, na ce masa yunwa ba ta san lungu ba, mai iyali ba zai ga kifi yana wasa a gabansa ya juya kwalekwale ba. Sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Hajiya, 'yarki in ta haihu, washegari kike miƙa mata taɓarya?" Na ce a'a, sai ta yi jego. Ya ce, "To kifi ma jegon nake roƙar masa."

Mata suka fara dariya, maza suka biyo. Daga ranar wurin ya samu suna Ruwan Jego. Wani lungu ne mai ciyawa a arewacin garin, inda kowa ya san kifin bargi na yin sheƙa, tarwaɗa na zuba ƙwai. Aka kafa turaku a bakinsa, aka ɗaura musu tsofaffin jarkoki masu jan fenti. Aka yi alkawari gaban Bulama cewa babu taru, babu birgi, babu ƙugiya, babu gura a Ruwan Jego har sai damina uku ta wuce, bayan nan a riƙa buɗe shi ɗan lokaci a shekara a sake rufewa. Liman ya yi addu'a muka shafa, Malam Othniel ma ya sunkuyar da kai ya yi tasa. Babu soja, babu ɗan sanda. Masuntan ne da kansu suke gadin wurin bi da bi.

Kada wani ya ɗauka abin ya tafi sumul. Shekarar farko ya sha zagi. An ce ya sayar da ruwan ga Turawa, an ce kifin yake tara wa kansa. Wata mata ta tare shi a kasuwa ta ɗaga masa kwanon da babu komai ta ce ya zo ya ciyar mata da 'ya'ya. Ya tsaya ta gama, idonsa ya ciko. Daga baya ya ce mini wannan kwanon ya fi duk zagin nauyi, don matar gaskiya ta faɗa. Bai fasa zuwa ba. Malama Phoebe, ke kika san yadda zuciyarki take duk ranar da ya hau motar nan, ke kike zaune da waya a hannu har ya ce ya sauka. Mun ci da haƙƙinki a wannan, kuma ba mu taɓa zuwa mun ce miki sannu ba.

Ya kasance mai taurin kai, wannan kam ko a gaban iyalinsa zan faɗa. Bayan damina ta biyu, masu kamu a gefen turakun suka fara cewa kamar abin ya ɗan canza. Sarkin Ruwa ya ce masa, Malam, bari mu jefa birgi sau ɗaya tak a ciki, kai da ni, mu duba mu mayar. Kowa ya san babu wanda ya kai Malam Othniel son ya sani. Rayuwarsa duka a kan wannan tambayar ta tsaya. Amma ya ce a'a. Ya ce in shi ya jefa don ya duba, gobe duk garin masu dubawa ne. Ya zauna a kwalekwale a bakin turakun yana kallon ruwan, kamar mai jiran a fito masa da jariri, sannan ya ce a juya.

Ciwon ya kwantar da shi da rani. Na je duba shi a asibiti, na tarar ya rame ƙwarai, amma bakin nan na nan. Muka gaisa, ya tambayi kasuwa. Can sai ya ce, "Hajiya, kina ganin akwai kifi a ciki kuwa?" Na ce akwai mana, Malam, cike yake. Ya yi murmushi ya ce, "Ke ma ba ki sani ba." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ya rasu saura damina ɗaya a buɗe ruwan, bai san ko aikin da ya ba da ƙarshen ƙarfinsa ya yi ko bai yi ba.

Abin da zan faɗa yanzu, Sarkin Ruwa, na nemi izininka kafin in hau nan, ka kuma ce in faɗa.

Masuntan Kwatan Tsamiya suna da al'ada tun kakanni. In babban masunci ya rasu, ba a zuwa gidansa gaisuwa da kifin saye. Abokansa ne za su shiga ruwa da kansu, su kamo da hannunsu, su zaɓi mafi kyau su kai wa iyalinsa a ciyar da masu zaman makoki. Ba a yi wa kowa wannan sai nasu. Da labarin rasuwar ya isa garin, dattawa suka zauna suka ce mutumin nan nasu ne, za a yi masa abin da ake yi wa masunci. Ku duba girman da suka ba ɗan tudun da bai iya iyo ba.

Suka shiga ruwa, suka yini suna jefawa a inda aka saba. Abin da suka fito da shi, 'yan karfasa ne da ƙananan tarwaɗa. Suka zuba a ƙasa suka tsaya suna kallo. Kunya ta kama su. Suka ce ta yaya za su shiga Maiduguri, gaban danginsa da mutanen cocinsa, da wannan? Sai wani ya ce, ai ruwan nasa ne. In akwai wanda ya cancanci kifin Ruwan Jego, shi ne. Babu wanda ya musa, don kowa kuka yake yi. Washegari da safe suka wuce turakun.

Ana gobe jana'iza ina tsakar gidan marigayi tare da matan coci muna gyaran kayan miya, sai ga mota ta tsaya, aka fara shigo da kwalaye. Aka ce Hajiya ke ce mai kifi, zo ki buɗe. Na yanke igiya na ɗaga murfi. Jama'a, tun ina yarinya nake cikin kifi, hannuna ya san nauyinsa kafin idona. Tarwaɗar da na ɗago, naɗinta ya kai faifai. Ga bargi kamar cinyar mutum. Ga gunduwar giwan ruwa, wanda rabon da in ga irinsa tun uwata na da rai. Na ɓare wata tarwaɗa, cikinta cike da ƙwai. Ban tambayi kowa daga ina ba. Na zauna a kan turmi.

Na sa aka kira mini Sarkin Ruwa soro. Abin da na faɗa masa a ranar ba zan maimaita shi a gaban Rabaran da Liman ba. Shi kuwa ya tsaya hannu a baya, dattijo mai farin gemu, hawaye na bin fuskarsa, yana cewa ba su da wani abin da za su ba shi. Ina cikin faɗa sai na ji an dafa kafaɗata. Malama Phoebe ce, hayaniyata ta fito da ita daga ɗaki. Ta wuce mu ta je gaban kwalayen, ta durƙusa, ta sa hannu biyu ta ɗaga tarwaɗar nan, da ƙyar ta iya.

Ta ce, "Wannan daga ruwansa ne?"

Sarkin Ruwa ya ce e.

Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, a hankali, kamar da wani take magana ba mu ba, "Ashe ya yi."

Tun da aka yi rasuwar ban ga ta yi kuka a gaban mutane ba sai a lokacin. Ta rungume busasshen kifi a ƙirjinta tana kuka, mu ma muna yi. Amsar da mijinta ya mutu yana jira, ga ta an kawo masa har gida a kwali, shi kuma yana kwance ba zai gani ba. Da ta natsu ta yi wa masuntan godiya ɗaya bayan ɗaya, ta ce a dafa a ba baƙi, kada ya lalace. Da yawanku da ke zaune a nan kun ci wannan kifin, kun yaba, ba ku san ko na ina ne ba. Ba laifinku ba ne.

To amma kifi irin wannan ba ya shigowa Maiduguri a ɓoye. Direba ya gani, masu dako sun gani. Kafin a share makoki magana ta zaga Baga Road cewa an buɗe Ruwan Jego, kifi na nan kamar a kwasa da hannu. Yau akwai dillalan da suka riga suka aika da kwalaye da gishiri. A can garin kuma samari sun fara cewa, in an shiga saboda mamaci, me ya hana a shiga saboda rayayyu masu jin yunwa? Ni ba zan ce maganarsu ba ta da ƙarfi ba, tana da shi. Masu gadi sun fara sanyin gwiwa, don su ma suna cikin waɗanda suka shiga. Ga damina ta ƙarato, lokacin da kifin zai zuba ƙwan da na gani a cikinsa. In aka faɗa wa wurin nan yanzu, mako kaɗan ya isa a mayar da shi yadda yake a da, kuma babu mai sake yarda a rufe wani ruwa a bakin tafkin nan har mu mutu.

Sarkin Ruwa, na yi maka faɗa a soro, yau ina ba ka haƙuri a gaban jama'a. Ƙauna ce ta kai ku, kowa ya shaida. Amma kai ka wuce turakun nan a gaba, kai za ka koma ka tsaya a bakinsu. Ka tara samarinka ka ce musu mun yi kuskure, mun kuma ga abin da ke ciki, saura damina ɗaya. Da can alkawari kawai kuke gadi, ba ku san ko akwai komai a bayansa ba. Yanzu kun sani.

'Yan'uwana 'yan kasuwa, mu ne masu saye, kuma abin da ba a saye ba a kama shi. Mu mata masu banda mun zauna mun yanke shawara: ba za mu hura wuta a ƙarƙashin kifin Ruwan Jego ba sai an buɗe shi a kan ƙa'ida. Mun san shi in mun gan shi. Duk dillalin da ya kawo, ya nemi inda zai kai. Shugaba, muna roƙon maza su bi bayanmu. Mai girma wakilin Hakimi, Lawan, Bulamomi, kalma ɗaya daga bakinku zuwa ga Bulaman can za ta yi abin da ihunmu ba zai yi ba.

Dorothy, Alfred, ubanku bai bar muku gidan sama ba. Ya bar muku garin da in kuka je kuka faɗi sunansa, za a tashi a ba ku wurin zama. Ku riƙe mahaifiyarku da kyau, ku kuma riƙa leƙo mu. Falon da kuka bar mana kuka koma kwana a baranda ba mu manta ba.

Malama Phoebe, ki yafe mini, zan faɗi abin da ya wuce tsakanina da ke, don ya kamata su ji. Makon jiya na lura ta rame, na dafa farfesun kifi na kai mata, kifin gona ne ma, ba na tafki ba. Ta karɓa ta yi godiya, ta rufe kwanon ta ajiye gefe. Na matsa mata ta ci. Sai ta ce mini ko ranar jana'iza ba ta ɗanɗana ba, kuma tun ranar ba ta sa kifi a baki ba, kowane iri ne. Ta ce mutumin da ya hana kansa ko leƙawa har ya mutu, ita ba za ta riga shi ci ba. Sai ranar da aka buɗe ruwan yadda ya tsara, ranar in kawo mata da kaina in dafa mata.

Na ce, "'Yar'uwa, in kuma mutane suka fasa ruwan kafin ranar fa?"

Ta ce, "To shi ke nan, Hajiya, na gama cin kifi a duniya."

Ga ta nan zaune a gabanku. Ba ta roƙi kowa komai ba, ni ce nake roƙo.

Muna godiya ga cocin da ya ba mu wannan wuri, da shugabannin da suka bar ayyukansu suka zo, da waɗanda suka yi doguwar tafiya, da duk wanda ya taka ƙafa ya zo don mutumin nan. Kowa ya yi masa addu'a yadda addininsa ya koya masa. Ni tawa ita ce: Allah, Kai Ka san abin da bawanka Othniel ya yi wa bayinka ranar da ba su da inda za su sa kai, Kai ne Mai sakayya. Allah Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka raya abin da ya bari. Allah Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, Ka tsare masu shiga ruwa da masu bin hanya, Ka mai da kowa gidansa lafiya. Allah Ka ciyar da masu yunwa a Kwatan Tsamiya ta wata ƙofar, Ka riƙe hannuwanmu daga ruwan nan damina ɗaya. Kuma Allah Ka ba ni rai da lafiya in ga ranar da zan ɗora tukunyar nan, in zauna kusa da matar nan har ta cinye.

Amin. Na gode.